DAGA AKWATIN WASIƘUNKU: Shin Zuƙe Iska Daga Leda Na Hana Kaya Lalacewa?

Kamar yadda muka saba, ga amsar ɗaya daga cikin wasiƙun da muka karanta a gidan rediyo, mun kawo muku ita a rubuce saboda wanda shirin ya wuce shi, da kuma mai son adanawa.

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani bawan Allah a unguwar Kawo, nan Kaduna, mai fataucin kifi banda. Ya ce a Yawuri yake saro kifi, kuma yana da jari a wani jirgi mai inji da ke jigila a tafkin Kainji. Kukansa biyu ne. Na farko, da zarar marka ta kama a watan Agusta sai kifi ya soma hunhuna tun bai iso kasuwa ba. Na biyu, kayan gyaran injin da yake saye a Panteka yana ajiyewa cikin jirgi, ranar da buƙata ta taso sai a tarar tsatsa ta cinye su. Wani ƙanensa mai aikin jirgin ruwa a Legas ya ba shi labarin wata na'ura mai zuƙe iska daga leda ta liƙe bakinta, wai da ita matafiyan teku ke adana abinci da kayan gyara. Tambayarsa ita ce, gaskiya ne, kuma ya saya?

To Alhaji, ƙanenka bai yi maka ƙarya ba. Amma akwai sharaɗi guda wanda in ka tsallake shi, gara ma ba ka sayi na'urar ba. Sharaɗin shi ne, busasshen abu kaɗai ake rufewa. Bari mu bi maganar daki-daki.

ME KE LALATA KAYA?

Iskar nan da muke shaƙa, kashi 21 cikin ɗari nata wani sinadari ne da masana ke kira oksijin. Da shi muke rayuwa, da shi kuma ƙwaro da hunhuna suke rayuwa. Idan ya haɗu da danshi a jikin ƙarfe, tsatsa ke nan. Idan ya daɗe yana taɓa mai ko gyaɗa, sai ka ji sun canza ɗanɗano. Gishiri kuwa ƙara wa tsatsa gudu yake yi, shi ya sa matafiyan teku suka fi kowa kuka da ita. Kai da ke ruwan daɗi a Kainji, ko masu kwale-kwale a Kogin Kaduna da Shiroro, ba ku da gishirin, amma kuna da raɓa da feshin ruwa da ruwan da ke kwanciya a ƙasan jirgi.

Aikin na'urar ba wani siddabaru ba ne. Ka zuba kaya cikin leda, ka sa bakin ledar a cikinta, wani ɗan famfo ya zuƙe iskar har ledar ta manne da kayan, sannan wata waya mai zafi ta narkar da bakin ta liƙe shi. Kada a rikita ta da na'urar da masu ƙulla garin kunu ke liƙe leda da ita. Waccan liƙewa kawai take yi, iskar na nan a ciki. Ledarta ma daban ce, mai kauri, gefe ɗaya da ƙananan zane-zane inda iska ke bi ta fita. Ledar kasuwa ba ta yin wannan aiki.

KAYAN GYARAN INJI

A nan ne na'urar ta fi amfani, kuma babu wani haɗari. Ga yadda za ka yi.

Da farko ka goge kayan tas, ka shanya su a rana su yi ɗumi, domin in ka rufe ƙarfe da danshinsa, ka kulle ɓarawo ne a cikin ɗaki. Na biyu, irin su boris da zoben fistin da kusoshi, ka shafa musu baƙin mai sabo ko giris kaɗan. Kayan wuta kamar fulogi da kwayil ba a shafa musu komai. Kayan roba ma kada baƙin mai ya taɓa su, kuma kada a matse su da yawa, don suna iya lanƙwashewa su ƙi komawa daidai. Na uku, duk abin da ke da kaifi ko tsini ka naɗe shi da tsumma busasshe, kada ya huda ledar. Na huɗu, 'yan ƙullin nan masu kama da gishiri da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ko na rediyo, aikinsu shan danshi ne. Ka jefa ɗaya ko biyu a ciki. Na ƙarshe, kowane kaya da ledarsa, ka rubuta sunansa da lambarsa a takarda ka sa ciki. Ranar da inji ya tsaya a tsakiyar ruwa, abin da kake nema kaɗai za ka farke. Haka za ka yi wa ashana da takardun jirgi.

Na'urar da lantarki take aiki, saboda haka a gida ko a gari ake gama rufe kaya kafin a shiga ruwa. Wanda ba shi da halin saye ma bai rasa dabara ba. Ka sami leda mai kauri biyu, ka sa kayan, ka nutsa ledar cikin bokitin ruwa har kusa da baki. Ruwan zai matse iskar ta fito, sai ka murɗe bakin ka ɗaure da roba, ka sake sawa cikin ta biyu. Sannan ka jera su cikin bokitin fenti mai murfi, ka ɗora a inda ruwan ƙasan jirgi ba ya kaiwa.

KIFI DA NAMA: A YI HATTARA

Yanzu ga inda nake roƙon kowa ya buɗe kunne. Shinkafa, wake, garin kwaki, kuka, busasshiyar kuɓewa da barkono, duk ana rufe su lafiya lau. Amma kifi banda iri biyu ne, kai ma ka fi ni sani. Akwai wanda ya bushe ƙarau, in ka karya shi ya ce ƙas. Akwai kuma mai laushi, wanda hayaƙi ya gyara bayansa amma cikinsa da sauran ruwa. Na farkon ne kaɗai za ka rufe.

Dalili kuwa, akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira botulinum, tana zaune cikin ƙasa da taɓon ƙarƙashin ruwa, har da hanjin kifi. Ita saɓanin ƙwaro ce: ba ta son iska. Idan ta sami danshi da ɗumi a wurin da babu iska, sai ta farka ta fitar da guba mai tsananin ƙarfi. Abin tsoron shi ne, kifin na iya zama ba wari, ba hunhuna, alhali gubar na ciki. Wanda ya ci, yawanci cikin awa 12 zuwa 36 sai ya fara gani dishi-dishi ko bibbiyu, fatar ido ta yi nauyi, haɗiya ta gagara, jiki ya mutu, har numfashi ya tsaya. Duk wanda aka ga alamun nan gare shi, asibiti za a nufa da shi nan take, ba a jira gobe.

Wani zai ce, to ai kifin gwangwani ma ba iska a cikinsa. Gaskiya ne, amma shi dafa shi ake yi da zafi mai tsanani bayan an rufe. Wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert ne ya wallafa wannan dabara ta rufewa da dafawa a shekarar 1810, kuma sojojin ruwan Ingila na cikin waɗanda suka fara amfana da abincin gwangwani. Na'urar leda ba ta dafa komai. Ɗanyen kifi ko nama ko banda mai laushi da aka zuƙe wa iska, sai a cikin ƙanƙara ko firiza mai wuta ba yankewa. Kuma duk ledar abincin da ka ga ta kumbura, ka zubar da abin da ke ciki, ko ɗanɗanawa kada a yi. Asarar kifi ta fi asarar rai sauƙi.

MANOMA KUMA FA?

Ku manoma, maganar nan ba baƙuwa ba ce gare ku. Kakanninmu da suke yaɓe bakin rumbu da laka, ko su cakuɗa wake da toka cikin tulu su rufe, hanyar iska suke toshewa. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru suka gwada ajiye wake cikin leda ninki uku. A shekarar 2007, da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, aka fara yaɗa buhun da ake kira PICS a ƙasashe 10 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Cibiyar IITA ta yi aikin a Nijeriya, cibiyar INRAN ta Maraɗi kuma a Nijar. Buhun leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Ba ya buƙatar na'ura ko lantarki: ƙwaron da ke cikin waken shi ne ke shanye 'yar iskar da ta rage, daga nan ya daina ci da haihuwa, ya mutu.

Wannan ya fi a yayyafa wa wake fiya-fiya nesa ba kusa ba. Ku tuna a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Abin da baƙo ya ƙi, shi 'ya'yanmu suke ci.

Sharaɗin dai ɗaya ne a nan ma: hatsi ya bushe sosai. Ga gwaji mai sauƙi. Ka sami kwalba busasshiya, ka zuba ɗan hatsin da cokalin gishirin da ka shanya ya bushe, ka rufe ka girgiza, ka ajiye na ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin na da sauran rana. Kafin ka zuba kuma, ka hura ledar ka duba ko da huji. Ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Ka ɗora buhu a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kada ka riƙa buɗewa kullum. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hujin allura ɗaya ya isa ya ɓata aikin.

Saboda haka Alhaji, in don kayan inji da guzurin ma'aikatan jirgi ne, saye ba laifi, sai dai ka tabbatar za ka riƙa samun ledarta kafin ka biya kuɗi. In kuwa don kifin sayarwa ne, fara gyara banda tukuna, a ƙara masa wuta har ya bushe ƙarau, ko da nauyinsa zai ragu.

Ku ci gaba da aiko mana da wasiƙunku. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, ku huta lafiya.