Littattafan da Ya Kamata Ma'aikaci Ya Mallaka

Ɗalibi kan gama karatu a tura shi wata ƙaramar ikilisiya a ƙasar Kura ko Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ya mai da rani lokacin aiki. Mutanensa suna gonar shinkafa da damina, da rani kuma tumatir da albasa da alkama. Ba laburare a kusa, albashi kuma ba yawa. Abin da ya shiga akwatinsa shi zai ciyar da shi shekaru. To, waɗanne littattafai za mu ce ya saya?

Littafi Mai Tsarki ba abin muhawara ba ne. Amma muna ba da shawara ya nemi fassara biyu. An buga cikakkiyar fassarar Hausa ta farko a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima ƙwarai, daga baya aka yi sabuwar fassara. Tsofaffi da yawa da tsohuwar suka haddace ayoyi, matasa kuwa sabuwar suka sani. In ma'aikaci ya ajiye su gefe da gefe, duk inda suka bambanta a nan ya kamata ya tsaya ya yi bincike kafin ya hau bagade. A wurin binciken nan sharhi ɗaya mai kyau ya fi ƙananan littattafan wa'azi goma amfani. Sharhin Littafi Mai Tsarki don Afirka, wanda Tokunboh Adeyemo ya shugabanci shirya shi, ya fito da Turanci a 2006, yanzu akwai shi da Hausa. Yana da tsada, amma dattawan ikilisiya za su iya haɗa kuɗi bayan girbi.

Wani zai yi mamaki in muka sa Magana Jari Ce ta Abubakar Imam a akwatin fasto. Dalilinmu shi ne, yawancinmu da Turanci muka yi karatun tauhidi, sai wa'azinmu ya fito da kalmomin Hausa amma gininsa na Turanci. Manomin da ya wuni yana ban ruwa ba zai jure wannan ba, barci zai kwashe shi. Imam ya san yadda ake jan labari, da inda ake saka karin magana. A karanta shi da murya, ba a zuci ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, gajere ne, yana kuma nuna abin da bauta ta yi wa iyalai a ƙasar nan.

Maƙwabtanmu a Kura da Bunkure galibi Musulmi ne, da su ake raba ruwan kwata ɗaya, da su ake ciniki a Kwanar Gafan. Bai kamata ma'aikaci ya dogara ga jita-jita game da abin da suka gaskata ba. Akwai tarjamar Alƙur'ani da Hausa ta Shaikh Abubakar Gumi. Ya karanta ta da ladabi, don ya san abin da maƙwabcinsa yake nufi in suna magana.

Akwai kuma littafin da ba a cika ambata a ajin tauhidi ba, wato Where There Is No Doctor na David Werner. Inda ruwa ke kwanciya akwai sauro, yaran da ke wanka a kwata kuma sukan kamu da tsargiya. Uwa takan fara zuwa gidan fasto kafin ta je asibiti. Zai yi addu'a, wannan wajibi ne, amma ya kamata ya san cewa fitsarin jini ciwo ne mai magani, ya tura ta wurin ma'aikatan lafiya a ranar.

In da sauran wuri a akwatin, a sa Confessions na Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau. A naɗe littattafan cikin leda, a ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara da laima.