Ciwon Ƙirji Mai Zuwa Da Aiki, Ya Tafi Da Hutu

Jama'a, ciwon ƙirji iri-iri ne. Akwai na tari, akwai na ƙwannafi. Amma akwai wani wanda ya kamata kowane maigida ya san kamanninsa, domin daga zuciya yake.

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannu. Ita ke tura jini ko'ina cikin jiki, ita ma kuwa tana da jijiyoyi masu kai mata nata jinin. In kitse ya taru cikinsu sai su tsuke, kamar kwatar da yashi ya cike. In mutum yana zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya ishe ta. Da ya kama aikin ƙarfi sai jinin ya kasa, ciwo ya taso.

Ga alamunsa:

1. Nauyi ne ko matsi a tsakiyar ƙirji, kamar an aza dutsen niƙa. Mai shi da tafin hannu yakan nuna wurin, ba da yatsa ɗaya ba.

2. Yakan bi hannun hagu, ko wuya, ko muƙamuƙi.

3. Yakan zo wajen huɗa, ko daka, ko hawan tudu, ko fushi.

4. In an huta, yakan lafa cikin minti 5 ko kusa da haka.

Ya fi kama wanda ya haura shekara 40, da mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mashayin taba. Mata da tsofaffi wani lokaci haki da kasala kaɗai suke ji. Wanda ya ga waɗannan alamu ya zo ɗakin magani kada ya jinkirta, ko da ciwon ya lafa.

Amma in ciwon ya zo mutum yana zaune, ko ya kai minti 15 bai lafa ba, ga zufa, ga tashin zuciya, to, mai yiwuwa jijiya ta toshe ke nan. Kada a jira gari ya waye. Kada a yi ƙaho ko tsaga, ciwon ba a fata yake ba. A zaunar da shi, a nemo mota, a kai shi babban asibiti nan da nan. Kada ya tafi da ƙafa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.