A Ajin Nazare, Wasa Shi Ne Karatu

Makarantun raino da na nazare sun yawaita a garuruwanmu, kuma iyaye da dama ma'auninsu guda ne: ɗan shekara uku ya dawo gida yana rattaba ɗaya zuwa ɗari da Turanci, jakarsa cike da aikin gida. In ya dawo da ƙasa a gwiwa, sai a ce makarantar ba ta karatu. Masu makarantu ma sun gane abin da kasuwa ke so, shi ya sa ake zaunar da yara a benci tun safe suna kwafar allo.

Waɗanda suka assasa irin wannan makaranta ba haka suka tsara ba. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya kafa ta a 1840, ƙwallo da guntayen katako ya miƙa wa yara, ya haɗa musu da waƙa da aikin lambu. Maria Montessori, da ta buɗe nata ajin a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, ta sa aka ƙera tebura da kujeru daidai tsayin yara, ta bar su suna shara da ɓalla maɓalli da kansu.

Hujjar da ta fi ƙarfi daga Jamaika ta fito. A 1986 da 1987, masu bincike a birnin Kingston sun ɗauki yara 129 da ƙarancin abinci ya tsumburar da su, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu daga cikinsu an riƙa tura musu ma'aikatan lafiya gida sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa uwaye yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasan da aka haɗa da hannu. Bayan shekara 20, abin da waɗannan yara ke samu a wurin aiki ya zarce na takwarorinsu da ba a yi musu hakan ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ba a kashe wani kuɗin a-zo-a-gani ba.

Mu ma kayan aikin suna zube a tsakar gidajenmu. A zuba wa yara murafen kwalba a faifai, a ce su ware ja daban, kore daban, sannan a tambaye su wane tsibi ya fi yawa. Yaron da ya ɗora yatsa a kan kowane murfi yana ƙirgawa har biyar ya fi sanin lissafi a kan wanda ya haddace ɗari bai san me take nufi ba. Murza yumɓu da zira igiya a cikin tsakiya suna ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensir gobe. Langa da gaɗa suna koyar da daidaita jiki da jiran layi. Tatsuniyar Gizo kuwa, in malama ta tsaya a tsakiya ta ce, "To, me kuke jin Ƙoƙi za ta yi?", ta zama darasin harshe da tunani. Sai dai malamar ta tsugunna daidai fuskar yaro, ta saurari amsarsa har ƙarshe, da harshen da ya tashi da shi a gida. Bulala ba ta da gurbi a nan. Yaron da ke tsorace ba ya tambaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 na buƙatar motsa jiki na minti 180 a rana, kada a daskarar da shi wuri guda fiye da awa ɗaya, kuma kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya. Manufar ilimi ta Nijeriya ta tanadi malami ɗaya ga yara 25 a nazare. A ƙara da ruwan sha, sabulu da bayan gida mai tsafta.

Don haka kafin ka biya kuɗin zango, shiga ajin da kanka ana tsakiyar darasi. Ƙirga yaran, duba filin wasan, ka ga ko malama ta san sunan kowane yaro.