Maganin Shafawa Na Makero Da Kyasbi: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

An shirya wannan takarda domin hakimai da malaman ofisoshinsu na ƙasashen Gusau da Tsafe da Bungudu, su karanta, sa'an nan su sa a bayyana wa dagatai da masu unguwa. Maganar kuwa a kan cututtukan fata ce guda uku waɗanda kowa ya sani, watau makero da kyasbi da cin ruwa, da yadda ya kamata a yi aiki da man da likita ya rubuta dominsu.

Abin da ke kawo su wata ƙwayar cuta ce dangin fumfunar nan da ke fitowa bisa tuwon da ya daɗe a ajiye. Tana son zafi da danshi, shi ya sa ta kan yi yawa da damina. Manoman fadama na bakin Gulbin Sakkwato, daga Gusau har Bungudu, waɗanda ke yini ƙafa cikin ruwa, su suka fi sanin cin ruwa. Makero ya kan bi askar wanzami, da hula, da mataji, da tabarmar kwana, har a jikin maraƙi a kan ɗauke shi. Kyasbi kuwa ba a cika ɗaukarsa daga wani ba. Ƙwayarsa tana zaune a fatar kowa, gumi da maiƙo ke sa ta haɓaka.

A zamanin da, abin da a ke bayarwa a asibiti shi ne man Whitfield, wanda ya ci sunan wani likitan fata na Ingila. A 1958 aka fara ba mutane ƙwayar sha mai suna griseofulvin. Bayan 1969 kuma aka sami clotrimazole, wanda ya zama gama gari yanzu, shi da 'yan'uwansa miconazole da ketoconazole da terbinafine. Ya kamata malamai su riƙe waɗannan sunaye yadda a ke rubuta su, gama talaka ya kan kawo kwali ofis don a karanta masa.

Ga yadda a ke shafawa. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a tsane shi sarai, musamman tsakanin yatsun ƙafa. A lakato kaɗan a shafa, ba a tula ba. Makero a gefensa ya ke ci, tsakiyarsa kuwa sai ta yi kamar ta warke, saboda haka lalle shafawa ta zarce bakin zoben da misalin faɗin yatsa. Galibi sau biyu a rana, safe da dare, har mako 2 zuwa 4, ko yadda likita ya faɗa. In an gama a wanke hannu, kada kuma man ya shiga ido.

Inda yawancin mutane ke kuskure shi ne wajen dainawa. Bayan 'yan kwanaki ƙaiƙayi ya kan kwanta, sai mutum ya ce ya warke, ya ɓoye sauran man don wata rana, ko ya miƙa wa maƙwabci. Alhali kuwa ƙwayar tana nan da rai. Ba a jimawa sai abin ya komo, sai a ce maganin asibiti ba shi da ƙarfi. Tilas ne a cika kwanakin da aka yanka ko da fata ta yi sumul. Mai kyasbi kuma ya yi haƙuri, gama ko bayan ƙwayar ta mutu farin tabon ya kan yi watanni kafin launin jiki ya daidaita.

Makeron kai, wanda ya fi kama yara, hukuncinsa daban ne. Ƙwayar tana cikin gashi har saiwarsa, inda mai ba ya kaiwa. Ko an shafa bututu goma ba zai warke ba sai an haɗa da maganin sha na misalin mako 6 zuwa 8, shi kuwa likita ke auna shi bisa nauyin yaro. In aka bar shi har ya kumbura ya yi mugunya, ya kan bar tabon da gashi ba ya sake tsirowa. Malaman makarantun allo da na boko su ya kamata a fara faɗa wa wannan, tun da ya ke a wurinsu yara ke cuɗanya.

Sai babbar magana. Akwai wani irin mai gauraye da a ke sayarwa a kemis da kasuwanni ba tare da takardar likita ba, wanda a ke yi wa kirari da maganin kowace cutar fata. In aka duba ƙananan rubutun kwalinsa za a ga betamethasone ko clobetasol. Aikin waɗannan biyu kwantar da ja da ƙaiƙayi ne, amma suna raunana tsaron fata, sai ƙwayar ta sami fili ta yi ta yaɗuwa a ɓoye, har kamannin ciwon su sāke, likita ya sha wahalar gane shi. In aka daɗe ana shafawa fata ta kan yi siriri ta daddare. Ga jariri abin ya fi muni, domin maganin ya kan ratsa fatarsa ya shiga jini, amma duk da haka sai ka ga an zuba shi cikin man shafawar goyo wai don jiki ya yi haske. A ƙasar Indiya, inda aka daɗe ana wannan ganganci, wani irin makero ya ɓullo wanda ba ya jin terbinafine, aka raɗa masa suna a 2020, ya kuwa riga ya ƙetara zuwa wasu ƙasashe. Lambar NAFDAC a jikin kwali shaida ce an yi wa magani rajista, ba shaida ce ya dace da ciwon mai saye ba. Man birki da ruwan batir da wasu ke ɗiga wa makero kuwa, ƙuna kawai su ke ƙarawa.

Har ila yau, ba kowane tabo ne wannan mai ke warkarwa ba. Ƙazuwa, mai tsananta ƙaiƙayi da dare, wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, maganinta daban, kuma gida duka a ke yi wa tare. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne kuturta, wadda farkonta kan yi kama da kyasbi. Tabon da ya yi fari ko ja-ja, ba ya ƙaiƙayi, in an taɓa shi da auduga mai shi bai ji ba, kada a ɓata wata guda ana shafa masa mai. A tura shi asibiti nan da nan. Maganin kuturta kyauta ne, in an fara da wuri kuwa ba ta kai ga cin yatsu. Haka nan mai ciwon sukari in ya sami cin ruwa, kada ya tsaya yi wa kansa magani.

Ana roƙon hakimai su sa a yi shelar wannan ran kasuwa, su kuma kira sarkin aska su yi magana a kan wanke aska da sabon reza ga kowane kai. Wanda ya shafa mai mako 2 bai ga sauƙi ba, malami ya ce masa ya koma asibitin da ke kusa da shi, ko babban asibitin Tsafe ko na Bungudu, ko Asibitin Tarayya da na Yariman Bakura a Gusau. Ya tafi da kwalin duk man da ya riga ya shafa, don likita ya ga abin da ke ciki.