Ko Ka Sani? Git, Manhajar Da Ba Ta Mantuwa

Duk mai tsara shafin intanet ya san wannan ciwon kai. Ka gama aiki ka adana shi da suna "na ƙarshe". Mai aikin ya ce a sauya launin saman shafi, ka adana "na ƙarshe 2". Bayan mako guda ya bugo waya ya ce ai na farkon ya fi kwanta masa a rai, kai kuwa tuni ka rubuta sabo a kansa. Maganin wannan ya shekara ashirin da samuwa, sunansa Git.

Ko ka san ba don masu tsara shafi aka ƙirƙire shi ba? A 2005 ne masu gina Linux suka rasa damar amfani da BitKeeper kyauta, manhajar da ke riƙe musu tarihin aiki. Linus Torvalds, mutumin Finlan, ya zauna ya soma rubuta tasa ranar 3 ga Afrilu. Kafin ranar 7 ga wata ta wuce, Git ya fara adana tarihin kansa da kansa. A watan Yuli ya damƙa shi ga Junio Hamano, ɗan Japan, wanda ke kula da shi tun lokacin.

Abin da ke korar mutane shi ne ƙofar shiga, wato baƙin allon nan da babu hoto, babu abin latsawa da linzami, sai ɗan layi yana ƙyaftawa. Ni a ganina tsoron ya fi abin girma. Magana ce kawai kake yi da kwamfuta. Ka rubuta ls ta nuna maka abin da ke cikin folda, ka rubuta cd ta shigar da kai wata. Umarnin da ya cancanci a yi taka-tsantsan da shi shi ne rm, don abin da ya goge ba ya biyawa ta kwandon shara. A 1998 wannan umarnin ya share mafi yawan fayilolin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, sai kwafin da wata ma'aikaciya mai jego take aiki da shi a gida ne ya ceci fim ɗin.

Da ka rubuta git init, sai wata ɓoyayyiyar folda mai suna .git ta samu a cikin aikinka. Nan ne rumbun. Duk sa'ad da ka kai wata gaɓa, ka ware fayilolin da git add, ka rufe da git commit, tare da ɗan bayani kamar "na mayar da saman shafi shuɗi". Git sai ya ɗauki hoton aikin gaba ɗaya yadda yake a wannan lokacin, amma fayil ɗin da bai sauya ba, ba ya sake ajiye shi, nuni kawai yake yi zuwa ga tsohon.

Ga inda abin ya fi burge ni. Kowace ajiya tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 40, wadda aka lissafo daga abin da ke cikinta, kuma kowacce tana ɗauke da lambar wadda ta gabace ta, kamar salsalar dangi, wane ɗan wane jikan wane. In wani ya taɓa ko waƙafi ɗaya a tsohuwar ajiya, lambarta za ta sauya, ta 'ya'ya da jikoki ma haka, asiri ya tonu. Ka rubuta git diff kuma ka gani da idonka: layin da ka cire ya fito ja, wanda ka ƙara ya fito kore.

Da yawa suna ɗauka Git da GitHub abu ɗaya ne. GitHub ma'ajiya ce a intanet, an buɗe ta a 2008, Microsoft ya saye ta a 2018 kan dala biliyan 7.5. Shi Git a kwamfutarka yake zaune da tarihin aikin kaf. Ko data ta ƙare, ko an ɗauke wuta kana lallaɓa ragowar caji, za ka iya ajiya, ka buɗe reshe ka gwada sabon tsari ba tare da ka taɓa na asali ba, ka duba git log ka zaƙulo launin makon jiya. Sai za ka tura wa abokan aiki da git push, ko ka ɗauko nasu aikin, ne kake buƙatar intanet.