Dillalin da ke Gajiya a Cikin Tukunyar Mai

Duk wanda ya taɓa kai mota gyara ƙauyen makanikai na Apo a Abuja ya ji ana maganar "indomi". Wani ƙullutu ne mai ƙananan huji kamar saƙar zuma da ke cikin salansa, an shafe shi da ƙarafa masu tsada irin su filatinam. Shi ke rage dafin hayaƙi kafin ya fita, kuma saboda tsadarsa ake yanke shi a sayar. Masana suna kiransa katalis.

Aikinsa aikin dillali ne a kasuwar kara. Bai zo da sa ba, ba zai tafi da sa ba, amma in babu shi ciniki ba ya faɗawa da wuri. Haka katalis ke haɗa sinadarai su zama wani abu, shi kuma yana nan.

A 1925 wasu Jamusawa biyu, Franz Fischer da Hans Tropsch, suka gano yadda irin wannan dillali zai mayar da iskar gas ta zama mai. Kamfanin Sasol na Afirka ta Kudu ya kama hanyar tun 1955, yana sarrafa kwal. Mu ma muna da tamu masana'antar a Escravos ta jihar Delta, haɗin gwiwar Chevron da NNPC, wadda ta fara aiki a 2014, an gina ta don fitar da ganga kusan 33,000 a rana, galibi dizal. Dillalinta garin ƙarfen kobal ne, yana iyo cikin narkakken kaki a zafin da ya haura digiri 200.

To, dillali ma yana gajiya. Kunkunniya na taruwa ta toshe hujin da gas ke shiga. Zafi da tururi kan sa ƙwayoyin kobal su dunƙule, fuskar da ke aiki ta ragu. Mafi muni ita ce farar wuta: ɗan ƙanƙanin da ya sulale tare da gas ya isa ya kashe shi, kuma da wuya ya tashi. Shi ya sa ake tace gas ɗin sosai tun daga bakin ƙofa.

Zubarwa asara ce, domin kusan kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, farashinsa kuma ba ya zama wuri ɗaya. Sai a farfaɗo da shi. Da farko a cire kakin da ya manne masa. Sannan a hura masa iska mai zafi ta ƙone kunkunniyar, a hankali ƙwarai, don in wuta ta yi yawa ƙwayoyin za su ƙara dunƙulewa, garin neman gira a rasa ido. Daga nan a bi shi da haidirojin ta kwashe tsatsar da ƙonawar ta bari. Abin ban sha'awa, wannan zagaye yakan sake warwatsa ƙwayoyin da suka haɗe.

Ba a Escravos kaɗai ake farfaɗo da katalis ba. A matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an tsara wani sashe da katalis ɗinsa ke yin baƙi cikin daƙiƙu kaɗan, ya wuce ɗakin ƙonawa mai zafin kusan digiri 700, ya dawo bakin aiki, ba tsayawa.

A tarukan Abuja maganar bututun gas ta fi yawa, musamman na AKK mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, daga Ajaokuta ya ratsa Abuja zuwa Kaduna da Kano. Ni dai da zan samu makirufo, tambayata ɗaya ce: cikin ɗaliban kimiyyar sinadarai na jami'o'in Zariya da Gwagwalada, nawa ake koya wa duba garin kobal su gane ko kunkunniya ce ta kama shi ko farar wuta?