Tausar Likita da Ciwon Bayan Dattawa

'Yan'uwa fatake da dillalai, duk wanda ya shekara talatin yana rako shanu daga Ngaundare zuwa Duwala, a jirgin ƙasa ko a bayan tirela, ba sai an gaya masa ciwon ƙugu ba. A New Bell mun san dattawan da ruku'u ya gagare su.

Shi ya sa ake tambayarmu game da aikin da Turawa ke kira ostiyofati. Wani likitan Amurka, Andrew Taylor Still, shi ya fara shi a 1874. Aikin hannu ne: a tausa tsoka, a miƙar da gaɓoɓi, a sassauta inda ya ɗaure. Ba ɗori ba ne, ba ruwansa da karaya.

Ya fi amfani ga ciwon baya na gajiya, musamman in mutum yana ɗan tattaki kullum. Amma gwiwar da ta riga ta cinye, ba ya mayar da ita sabuwa.

To, ga inda haɗarin yake. Ƙashin tsoho rauni gare shi, danna mai ƙarfi na iya karya shi. Saboda haka in sa ya ture mutum, ko ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko zazzaɓi ya biyo ciwon, a bar tausa. A nufi asibiti, kamar Laquintinie, likita ya duba tukuna. Mai tausar kuma a tambaye shi inda ya yi karatu.

Ba mu sayen saniya sai mun duba haƙorinta. Kada mu miƙa bayanmu ba bincike. Allah Ya ƙara mana lafiya.